Jinin Bakwaini

Tsumman jariri ne a hannun Gwaggo Yelwa. Ta ɗaga shi sama a tsakar gida, tana juyawa da shi don kowace mace ta gani. Matan unguwa sun cika gidan tun da hantsi, wasu da goyo, wasu ko gari ba su kakkaɓe daga hannu ba. Khaulat kuwa tana durƙushe a bakin ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya dafe da ɗan mitsitsin jaririn da ta ɗaure a ƙirji cikin rigarta, hawaye na sauka a kansa.

"Ku duba da idonku, kar a ce Yelwa ta ƙirƙira!" in ji Gwaggo. "Wannan kashin jariri ne ko kwalta? Tun kafin a haifi uwar yarinyar nan nake karɓar haihuwa a garin Azare, ban taɓa ganin baƙin kashi irin wannan ba. Guba take ɗiga masa! Kullum da safe sai ta buɗe masa baki ta ɗiga!"

"Gwaggo, wallahi maganin jini ne," Khaulat ta faɗa. "Sista Ya Gana ta asibiti ta gaya mini kashin zai yi baƙi. Ta ce kar in ji tsoro..."

"Ke rufe mini baki! Sista ce ta haife shi? Ku ji fa, ɗan fari, ta manna shi a ƙirji kamar laya, ba kunya ba kara. Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane!"

Aka yi ta salati, ana tafa hannu. Babu wadda ta tambayi sunan maganin. Haka mutane suke, abin takaici!

Khaulat marainiya ce, daga Gololo aka kawo ta. Da tana da uwa, da tana can gida tana wankan jego kamar kowace mai haihuwar fari, amma ba ta da inda za ta. Mijinta Abdulsamad fataucin shanu yake, ya lodo daga Potiskum ya gangara kurmi, in ya tafi sai an gan shi. Gwaggo Yelwa ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsa, kuma ita ce ungozomar unguwar kaf. Laifin Khaulat na farko a wurinta shi ne naƙuda ta kama ta cikin wata na bakwai, ranar da Gwaggo ta tafi biki garin Zadawa, maƙwabciyarsu Mariyamu ta kai ta asibiti. Wato an yanke cibiyar jikan gidan ba da hannun Yelwa ba! Wannan kaɗai ya tsaya mata a rai kamar ƙaya.

Yaron ya daɗe a akwatin gilas ɗin da ake sa bakwaini. A can aka raɗa masa suna Najmuddeen. Ranar sallama, Sista Ya Gana, wata doguwar Babarbariya mai faɗa da tausayi, ta zaunar da Khaulat ta riƙe hannunta. "Ki saurare ni da kyau, 'yata. A watannin ƙarshe ne ɗa yake ɗibar guzurin jini daga jikin uwarsa. Naki ya fito ba guzuri. Duk jinin jikinsa bai cika kofin shayi ba. Kin ga mu ma a nan, in za mu yi gwaji ɗan kaɗan muke ɗiba, muna tattali. Ki ba shi nono, ki ɗumama shi da jikinki, ki ɗiga masa maganin nan kullum. Kar a cire masa beli, kar a yi masa tsaga, kar ki bari aska ta raɓe shi. In kin kiyaye, da yardar Allah ba sai an rataya masa ledar jini ba."

Ta kiyaye. To ga sakamakon kiyayewar nan: tsakar gida cike da mata, ana nuna ta da baki. Gwaggo ta faɗa ɗakin, ta birkice kwalla da samira, ta fito da 'yar kwalbar maganin, ta nufi bayan gida ta jefa ta masai. Khaulat ta ji ƙarar faɗuwarta har cikin ƙirji.

"Ya Allah, Kai ne gatana," ta faɗa a hankali. "Ka san ban nufi ɗan nan da sharri ba..."

Da yamma Mariyamu ta leƙo da kwanon kunun kanwa. Khaulat ta kama gefen zanenta tana kuka, ta roƙe ta don girman Allah ta je wurin Sista Ya Gana. Mariyamu ta yi tsaki, ba don ita ba, don halin tsohuwar. "Kin san bakin Hajiya Yelwa, in ta ji har ni sai ta haɗa. Amma bari, na ga abin da ya fi wannan." Washegari ta shigo da sabuwar kwalba a ƙulle a bakin mayafi. Khaulat ta ɓoye ta cikin matashin kai, tana ɗiga wa yaron in Gwaggo ta shiga sallah. Sai dai kash! Maganin nan ba ya ɓoyuwa. A al'ada tsohuwar gida ce take wanke tsumman ɗan fari, tsumman kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

A ranar da Abdulsamad ya dawo daga kurmi, ko takalmi bai cire ba Gwaggo ta tare shi a zaure da tsumma a hannu, tana fyace hanci. "Ka dawo ka tarar da ɗanka da rai, ka gode wa Allah. Na hana, na zubar, ta sake samowa a ɓoye. Ni da na goya ka a bayana, yau ni ce ban san jariri ba! In ka zaɓi 'yar Gololo a kaina, faɗa mini in tattara kayana."

Ya shiga ɗaki fuska a murtuke. "Ina kwalbar?"

"Malam, don Allah ka je asibiti ka tambaya. Tafiyar ba nisa. Ka tambaya kawai..."

"In je in tambaya ko Gwaggo ƙarya take? Khaulat, ba ni kwalbar!"

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya jefa ta aljihun 'yar shara ya fita. Mutumin da zai iya duba haƙoran bijimi ya faɗi shekarunsa, ya kasa duba tafin hannun ɗansa! Haba!

Kwanaki suka shuɗe ba magani. Najmuddeen ya fara dusashewa a hankali kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Tafin hannunsa ya yi fari, cikin idonsa ya yi fari, in ya kama nono sai ya ja kaɗan ya saki yana haki. Khaulat ta roƙi a bar ta ta kai shi awo, aka ce mai jego ba ta fita kafin arba'in ɗin da Gwaggo ta fara lissafawa daga ranar sallama. Ta nuna wa mijinta idon yaron, ya ce hasken fata ne, ya gado kakarsa Bafillata. Gwaggo kuwa ta riga ta gano nata ciwon. "Beli ne! Ya yi tsawo ya tokare masa maƙogwaro, shi ya sa ba ya shan nono. Kowane ɗa a unguwar nan an cire masa tun ranar suna, sai wannan ɗan gilas. A kira Babayo wanzami."

A nan ne Khaulat, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli tsohuwar ba, ta ɗago. "Gwaggo, ki zage ni, ki dake ni, na yarda. Amma aska ba za ta shiga bakin yaron nan ba ina numfashi."

Gwaggo murmushi kawai ta yi.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, ruwan wanka ya tafasa a tukunya, Abdulsamad yana kasuwa. Gwaggo ta karɓi yaron da fara'ar da ba a saba gani ba. "Kawo angon nawa, je ki yi wankanki a tsanake. Ki gasa jikinki da kyau, kar ki yi gaggawa." Khaulat ta shiga makewayi da ganyen darbejiya, tururi ya rufe ta, ƙarar ruwa ta cika mata kunne. Sau ɗaya ta ji kamar an tsandara kuka daga wajen zaure, ta tsaya cak, sai ta ji Gwaggo tana waƙar rarrashi. Ta ce wa kanta zargi ba kyau. Wayyo, da ta sani!

Da ta fito aka miƙo mata shi a naɗe cikin zani, yana barci, in ji Gwaggo. Ta sa shi a nono, ya ƙi kamawa. Ta ɗaga shi a kafaɗa, sai ta ji ɗumi yana bin bayanta. Ta shafa... jini! Yaron yana aman jini, leɓunansa sun koma kamar toka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggo! Jama'a, ku taimake ni!"

Gwaggo ta riga kowa kururuwa. "Ta kashe shi! Na faɗa, ba a ji ba! Ta sake ba shi gubar nan a ɓoye, ta tsinka masa hanji!" Gida ya cika. Aka kira Abdulsamad a wayar maƙwabta, ya shigo a guje, ya ga jinin, ya ga matarsa, idonsa ya juya.

"Ashe ba ki bari ba? Wallahi in yaron nan ya mutu, ki bi bayan gawarsa ki fice mini daga gida!"

"A jiƙa masa rubutu, a kawo toka," in ji Gwaggo tana miƙa hannu. "Ba ni shi nan!"

Khaulat ba ta ba ta shi ba. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tura yaron cikin rigarta, ta ratsa tsakiyar matan, ba takalmi ba mayafi sai ɗankwali, ta fita titi ta tare ɗan acaɓa. "Asibiti! Don darajar iyayenka ka yi sauri!" Abdulsamad da Gwaggo suka biyo ta a baya, ita tsohuwar tana ta faɗin a je, a je likita ya tona asirin muguwa.

Sista Ya Gana tana ganin yaron ta fizge shi ta yi ciki da shi, tana ƙwala wa likita kira. Likitan ya gwale idon jaririn, ya duba tafin ƙafarsa, ya girgiza kai. "Ina maganin da muka ba shi? Ana ɗiga masa?"

"Shi ne ai ya jawo, likita!" Gwaggo ta cafe. "Kashinsa ya koma baƙi ƙirin, yanzu ga aman jini. Uwar ce..."

"Hajiya, kowa ya sha maganin nan kashinsa baƙi yake yi, ko ke ce. Ba ya sa aman jini." Ya ɗauko tocila da ɗan faffaɗan tsinke, ya danne harshen yaron, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya. "Wa ya cire wa yaron nan beli?"

Aka shiga kallon-kallo.

"Tambaya nake! Ga ciwo nan ɗanye, yau aka yi shi, har yanzu yana tsiyaya. Jinin da ya haɗiye ne yake amayarwa. Mun yi ta tattalin jinin yaron nan ɗigo-ɗigo don kar mu kai ga ƙarin jini, ku kun hana shi magani, sannan kun sa aska kun zubar da ɗan abin da ya rage! Wane irin abu ne wannan?"

Khaulat ta juya ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da nake tsakar gida ina tsince shinkafa? Sai dai in ita ta kira wanzami a ɓoye, ai ta saba da ɓoye-ɓoye!"

Haka ta faɗa, wallahi, ko ƙifta ido ba ta yi ba!

Sai aka ji sallama daga ƙofa. Mariyamu ce, tana haki, bayanta wani dattijo da zabira a rataye, kansa a sunkuye. Ashe ta hango fitarsa daga zauren gidan da la'asar, da ta ji abin da ya faru ta bi shi har rumfarsa ta taso shi. Babayo wanzami ya cire hula ya matse ta a hannu.

"Hajiya Yelwa, ki ji tsoron Allah. Da kika miƙo mini yaron nan ban ce miki bai yi ƙwari ba? Ban ce a bari ya ƙara nauyi ba? Kika ce tsufa ne ya sa hannuna rawa. Na ce to ina uwarsa, kika ce ita ta aiko, kunyar ɗan fari ce ta hana ta fitowa zaure. Da wannan kika rufe mini baki, don na san al'ada. Ashe baiwar Allah tana makewayi ba ta sani ba!" Ya juya wajen Abdulsamad. "Alhaji, hannuna ne ya yanka, ban musa ba. Amma kar a ɗora wa yarinyar nan."

Abdulsamad ya jingina da bango. Hannunsa ya faɗa aljihu, ya ci karo da 'yar kwalbar da ya ƙwace, tana nan tun ranar. Ya fito da ita yana kallo kamar bai taɓa ganinta ba.

Likita bai jira su gama ba. Ya tsayar da jinin, ya ce yanzu babu makawa sai an ƙara wa yaron jini, kuma yau ɗin nan. Khaulat ta zube a gabansa ta miƙa hannuwa biyu. "Ku ɗebi nawa! Ku ɗebe duka!" Sista Ya Gana ta ɗaga ta tana share mata fuska. "Ke mai jego ce, naki ma bai ishe ki ba. Ina uban?"

"Kar ka yarda, Audu!" in ji Gwaggo, ta riƙo rigarsa. "In suka zuƙe maka jini ba ka ƙara ƙarfi har abada..."

Ya zare hannunta daga rigarsa a hankali. "Gwaggo, ya isa. Kin raine ni, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma ya isa." Ya naɗe hannun riga ya bi ma'aikacin gwaji. Aka gwada, jininsa ya dace.

Kafin magariba leda tana rataye, jan zare yana gangarawa cikin hannun da bai kai kaurin yatsa biyu ba. Khaulat tana gefen gadon, bakinta bai daina motsi da addu'a ba. Abdulsamad ya zo ya durƙusa a gabanta, a gaban Sista, a gaban kowa, auduga manne a hannunsa. "Kin ce in je in tambaya. Tambaya kawai... ban je ba. Ki yafe mini, Khaulat."

"Ka roƙi Allah ya tashe shi, Malam," ta ce. "In ya tashi, na yafe."

Ya tashi. Da safe leɓunansa suka yi ja, bayan kwanaki ya kama nono ya ƙi saki. Likita ya so a kai maganar ga hukuma, Khaulat ta roƙa a bari, ta ce tsohuwa ce. Amma labari ya riga ya zaga Azare. Mai unguwa ya tara mutane ya ja kunnen wanzamai a kan bakwaini, Babayo da kansa ya rantse ba ya ƙara taɓa jaririn da bai ga uwarsa da idonsa ba. Abdulsamad bai kori Gwaggo ba, bai rage mata tuwo ba. Magina kawai ya kira, suka ja katanga a tsakiyar gidan, ya buɗe wa sashensa ƙofa ta daban. Matan da suka tafa hannu ranar tsumma, su ne suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da kwanon dubiya, suna sunkuyar da kai. Ba a sake rataya wa Najmuddeen leda ba. Ubansa ne da kansa yake ɗiga masa maganin kafin ya fita kasuwa, in zai yi tafiya kuwa sai ya ajiye kwalba biyu.

Ita kuwa Gwaggo Yelwa, shiru aka daina buga mata ƙofa. Ta wanke tsumman aikinta ta ninke, tana jira. Damina ta wuce, kaka ta zo, ba wanda ya aiko. Wata safiya tana zaune a bakin ɗakinta sai ta ji guɗa daga gidan da ke kallon nasu, gidan da 'yarta ta cikinta, Meram, take aure. Ta miƙe da sauri tana laluben mayafi. Sai ta ji muryar Mariyamu ta bayan katanga tana ba da labari: Meram ta sauka lafiya tun da asuba, a asibiti, kuma da naƙuda ta taso ba uwarta ta ce a kira ba, sai Khaulat, ita ta raka ta.

Gwaggo ta koma ta zauna, mayafin a hannu.

Ta saman katangar tana hango igiyar shanya. Tsummokaran Najmuddeen ne jere a kai, an wanke su tas, amma tabon maganin bai fita duka ba. Can ta ji an turo ƙofar ɗaya sashen, Khaulat ce ta dawo daga asibiti, ta ji dariyar yaro, ta ji muryar Abdulsamad yana cewa, "Karɓi ɗanki, tun ɗazu yake neman ki. Ki riƙe shi a gaban kowa, ba wanda zai ce miki komai."

Khaulat ta karɓe shi ta ɗaga sama, hawaye na zuba, tana dariya. A tsakar gida, da rana tsaka, da muryar da ta tsallake katanga, ta kira ɗan farinta da sunansa.

"Najmuddeen!"